Tifa, Ƙura da Nakiya: Jagora ga Hausawan Garuruwan Gefen Legas Idan Kamfanin Fasa Dutse Ya Faɗaɗa Aiki

Duk wanda ya taɓa kwana a garuruwan da ke gefen Legas, ko ta ɓangaren Ikorodu da Imota da Epe, ko ta ɓangaren Ibafo da Mowe da Shagamu waɗanda ke cikin jihar Ogun, ya san cewa ba ladan kaɗai ke tashin mutane da asuba ba. Tun kafin kiran assalatu ake fara jin gurnanin tifa, wasu sun ɗauko tsakuwa sun nufo birni, wasu kuma fanko suna sauri su kama layin lodi, kuma kafin hantsi mai shayin bakin titi ya riga ya goge teburinsa sau uku ya ƙara lulluɓe burodinsa da leda. Dalilin wannan zirga-zirga a fili yake. Ƙasar Legas ta yashi ce da laka da fadama, ba ta da duwatsun da za a fasa, saboda haka tsakuwar da ake gina gada da bene da ita daga jihohin Ogun da Oyo take fitowa, musamman yankin Abeokuta da Odeda da Ijebu da Ibadan. Abin da ake haƙa a cikin jihar Legas kanta shi ne yashi da jar ƙasar ciko. Tun da manyan ayyuka suka taru a yankin Ibeju-Lekki, wato matatar man Dangote, da tashar jiragen ruwan Lekki da aka buɗe a 2023, da babbar hanyar gaɓar teku zuwa Kalaba da aka soma a 2024, buƙatar waɗannan kaya ta ƙaru, masu haƙa suna neman ƙarin fili, ƙananan garuruwan da ke kan hanya kuma su ne ke shan ƙura.

Matsayin Bahaushe a wannan lamari yana da sarƙaƙiya. Yawancinmu 'yan haya ne a waɗannan garuruwa, ƙasar kuwa ta dangogin Yarbawa ce, waɗanda wasunsu ma su ne suka ba kamfanin filin. Sannan idan aka leƙa cikin tifar da ta turnuƙe unguwa, sau da yawa direban ɗan Kano ne ko Gusau, yaron motarsa ƙanin wani ne a cikinmu, 'yan lodin ma namu ne. Mu ne masu shaƙar ƙurar, mu ne kuma masu cin abinci a cikinta. Na riƙe littafin kwamitin unguwarmu lokacin da wani kamfani ya faɗaɗa ramin da yake haƙa a bayan gari, kuma abin da na koya shi ne faɗa da direba barin jaki ne ana dukan taiki. Wanda ya kamata a riƙe shi ne mai lasisi, kuma ba ya riƙuwa sai da rubutacciyar shaida da rubutacciyar yarjejeniya. Matakan da ke biye sun dace da wurin fasa dutse kamar yadda suka dace da ramin jar ƙasa, domin Dokar Ma'adinai ta 2007 ta haɗa dutse da tsakuwa da yashi da jar ƙasa a babi ɗaya.

Mataki na farko: ku san da wa kuke magana

Hannu uku ne a cikin kowane sawun tsakuwa: mai lasisin haƙa, da mai tifa, da direba. Motocin da ke ratsa garinku galibi ba na kamfanin ba ne, na 'yan kasuwa ne da ke saye su kai wa masu gini, kuma direbobi da yawa a kan sawu ake biyansu, shi ya sa suke gudu kamar ana korarsu. Amsar farko da za ku ji daga manajan wurin ita ce motocin ba nasu ba ne. Gaskiya ya faɗa, amma bai faɗi duka ba, domin babu tifar da ke fitowa sai ta ƙofarsa, babu lodin da ake yi sai a lokacin da ya buɗe, kuma a kan sikelinsa ake auna abin da za a biya. Wanda ke riƙe da ƙofa da sikeli shi ke da ikon cewa motar da ba ta da tamfol ba za ta fita ba. Ku fara da samo cikakken sunan kamfanin kamar yadda yake a rajistar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, da adireshin babban ofishinsa, domin sunan da ke kan allon bakin ƙofa wani lokaci na ɗan kwangilar da ke sarrafa injin niƙa ne kawai.

Mataki na biyu: kada ku tafi ku kaɗai

Ƙorafin da ya fito da sunan Hausawa zalla yana da sauƙin kashewa, domin za a ce baƙi ne ke neman hana 'yan ƙasa cin arzikin filinsu. Hanyar da ta dace ita ce a fara da Sarkin Hausawan garin, shi kuma ya ja gaba zuwa wurin Bale, wato dagacin Yarbawa, ko fadar Oba, wato sarkinsu, a yi gaisuwa yadda suka saba, a ce Kabiyesi idan mai rawani ne, a gabatar da maganar a matsayin damuwar gari baki ɗaya. Daga nan a shigar da ita cikin ƙungiyar raya unguwa, wadda a Legas ake kira CDA, domin ita ce ƙaramar hukuma ta sani kuma take amsa wasiƙarta. Da yawa daga cikinmu muna biyan kuɗin tsaro da na shara ga wannan ƙungiya amma ba mu taɓa zuwa taronta ba, kuma ranar da muka buƙace ta sai mu tarar babu wanda ya san fuskarmu.

A kafa kwamiti, amma kada ya wuce mutum bakwai ko tara. A sa mai gida da ɗan haya, a sa mace ɗaya aƙalla daga masu sana'a a bakin titi, a sa wanda ya iya Yarbanci da wanda ya iya rubuta Turancin ofis, sannan a sa direban tifa ɗaya. Wasu sun yi mini musu a kan wannan na ƙarshe, amma shi ne ya faɗa mana lokacin da ake buɗe ƙofa, da yadda ake ƙara wa bodin mota tsawo don ta ɗauki fiye da ƙima, da wata tsohuwar hanyar burji da ke zagaye gari wadda babu ɗayanmu da ya san da ita. Ƙa'ida ɗaya kuma a kafa ta tun ranar farko: ba wanda zai gana da kamfani sai mutum uku suna wurin. Ambulan ta toshiyar baki ba ta cika fitowa a gaban mutum uku ba.

Mataki na uku: littafin shaida

Wannan shi ne aikin da ya fi gajiyarwa, kuma shi ne wanda duk sauran matakan suka dogara a kansa. Jami'in gwamnati yana jin kalmar "sun dame mu" sau goma a rana, amma ba kasafai ake ajiye masa littafi mai kwanan wata da lambar mota ba.

A sayi babban littafi mai tauri, a ja layuka: kwanan wata, lokaci, lambar mota, da kaya ko fanko, a rufe ko a buɗe. Mutum biyu su zauna a wuri ɗaya da ba ya canzawa, kamar rumfar mai shayi ko barandar masallaci, su yi awa biyu su miƙa wa wasu, a yi haka na mako biyu cur, har da ranar kasuwa da ranar Lahadi. A ba da ƙarfi ga lokacin tafiya makaranta da lokacin tashi, da kuma bayan la'asar da yara ke tsallaka titi zuwa Islamiyya. Kada a ƙara ko mota ɗaya a kan abin da aka gani, domin kamfanin yana da nasa littafin a bakin sikeli, kuma ƙarya ɗaya da aka kama ta isa ta zubar da gaskiya ɗari.

Tsagewar bango tana buƙatar ƙarin kula. Kafin a soma fasa dutse a sabon filin, a zagaya gidajen da ke kusa a ɗauki hoton kowane bango, har wanda lafiyarsa ƙalau. Inda akwai tsaga, a ja alama da fensir a ƙarshenta sama da ƙasa, a rubuta kwanan wata a gefe, a ɗora ƙaramar rula a kai sannan a ɗauki hoton. Akwai kuma wata dabarar magina: a shafa ɗan siririn filasta a gicciye a kan tsagar a bar shi ya bushe, idan ya tsage daga baya, to bangon yana motsi. Dole a faɗi gaskiya a nan, gidaje da yawa a yankinmu suna tsagewa ne saboda an yi ƙwauron siminti ko an aza tushe a kan ciko, kuma lauyan kamfani da wannan zai fara. Abin da ke raba gardama shi ne hoton da aka ɗauka kafin fashewa da wanda aka ɗauka bayanta, tare da rubutun ranar da sa'ar da aka ji ƙarar. A lura kuma cewa hoton da aka yi ta turawa ta WhatsApp yakan rasa bayanin ranar da aka ɗauke shi, saboda haka a ajiye na asali a wayar da ta ɗauka.

Game da ƙura, mun riƙa ajiye farin tayil a kan katanga da safe mu ɗauki hotonsa washegari bayan an ja yatsa a kai. Wannan ba awon kimiyya ba ne, amma ya isa ya sa a nemi hukuma ta zo da na'urarta. Ƙurar dutse ba irin ta harmatan ba ce. A cikinta akwai garin silika, wato sinadarin da ke cikin dutse, mai laushin da ido ba ya gani, wanda idan aka daɗe ana shaƙarsa yakan taurara huhu, ciwon da ba shi da magani kuma yana buɗe ƙofa ga tarin fuka. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne yaranmu da ke aiki a gindin injin niƙa da ƙyalle ɗaure a hanci. Duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu a tura shi asibitin gwamnati, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne, kuma a ajiye katin asibitin. Rijiyoyin da ke kusa da ramin kuwa a riƙa auna zurfin ruwansu mako-mako da igiyar guga mai ƙulli, a rubuta ko damina ce ko rani.

Mataki na huɗu: takardun da doka ta wajabta

Sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan ƙasa. Ma'anar wannan ita ce Bale ko ciyaman na ƙaramar hukuma ba su ke ba da lasisi ba, ba kuma su ke soke shi ba, duk da cewa muryarsu tana da nauyi. Ofishin rajistar lasisin ma'adinai da ke Abuja, wato MCO, shi ke bayarwa. Lasisin fasa dutse ba ya wuce murabba'in kilomita 5, kuma wa'adinsa shekara 5 ne, sai a sabunta. Ku nemi lambar lasisin, da iyakokin filin, da ranar ƙarewarsa. Idan sabon ramin ya fita daga iyakar da aka zana, maganar ta tashi daga damuwar maƙwabta ta koma haƙa ba bisa ƙa'ida ba. Idan kuma wa'adin ya kusa cika, to lokacin ne kamfani ya fi jin magana.

Takarda ta biyu ita ce rahoton nazarin tasirin aikin ga muhalli, wanda Dokar EIA ta 1992 ta wajabta ga aikin fasa dutse da ke cikin tazarar kilomita 3 daga mazaunin jama'a. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya takan baje irin wannan rahoto na kwanakin aiki 21 a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha domin jama'a su karanta su rubuta ra'ayinsu, sanarwar kuma a jarida take fitowa, inda mai sayar da albasa ba zai taɓa ganinta ba. A sa mutum ɗaya ya riƙa leƙa allon sanarwar sakatariya. Tambayar da za a yi ita ce ko amincewar da kamfanin ke taƙama da ita ta haɗa da sabon filin, ko kuwa ta tsohon rami ce kaɗai. Ƙa'idojin fasa dutse na hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, na 2013 su ma sun ambaci tazarar kilomita 3 tsakanin wurin fashewa da gidaje. A zahiri garuruwa sun yi girma sun cim ma tsofaffin ramuka, kamfani kuma zai ce ya riga ku zuwa. Wannan hujja tana iya yi masa aiki a kan tsohon rami, amma ba ta da ƙarfi idan shi ne yanzu yake matsowa wajen gidajenku.

Takarda ta uku, wadda a ganina ta fi sauran amfani, ita ce yarjejeniyar raya al'umma da sashe na 116 na Dokar Ma'adinai ya wajabta wa mai lasisi ya ƙulla da al'ummar da yake aiki a cikinta kafin ya fara. Dokar ta ambaci abubuwa irin su tallafin karatu, da koyar da sana'a, da guraben aiki, da hanya da ruwa da lafiya, ta ce a sake duba yarjejeniyar duk shekara 5, idan kuma an kasa daidaitawa a kai maganar gaban Ministan Ma'adinai. Wani abin ruɗani shi ne ita ma wannan yarjejeniya CDA ake ce mata a taƙaice, daidai da ƙungiyar unguwa, don haka a wasiƙa a rubuta sunanta cikakke. Sau da yawa za ku tarar an daɗe da sa hannu a kanta, mutum huɗu ko biyar ne suka san da ita. Garin da tifa ke ratsawa kawai, wanda ramin ba a ƙasarsa yake ba, zai iya jin an ce ba ya cikin lissafi, kuma a nan littafin ƙidayar motoci yake zama hujjar neman a shigar da shi.

Idan kamfani ya ƙi nuna waɗannan takardu, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar nemansu daga hukumar tarayya, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Wasiƙar ta zama shafi ɗaya, a kai kwafi biyu, a tsaya har a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku.

Mataki na biyar: ku tsara abin da kuke nema

Kwamitin da ya shiga taro yana cewa a rufe wurin ya riga ya faɗi, domin masu fili ba za su goyi baya ba, direbobinmu ma haka. Abin da ake samu shi ne abin da za a iya aunawa.

Na farko shi ne lokaci: a rufe ƙofar fita a sa'ar tafiya makaranta da sa'ar tashi, a kuma tsayar da lodin dare. Na biyu shi ne tamfol a kan kowace mota kafin ta bar sikeli, da tankar ruwa da za ta riƙa yayyafi a hanyar da ba kwalta, a faɗi sau nawa a rana da rani, da feshin ruwa a bakin injin niƙa, da takunkumin fuska na ƙwarai ga ma'aikata.

Na uku shi ne nauyi, kuma a nan ya kamata a tsaya da kyau domin shi ke cin hanya. Wani babban gwajin tituna da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ninka kusan sau 16. Shi ya sa titin da ya shekara goma yana ɗaukar danfo da keke-napep yake rugujewa a damina ɗaya da zarar tifa masu ƙarin bodi sun fara binsa, kwalbatoci su karye, ruwa ya koma cikin shaguna. Ƙa'idar ECOWAS ita ce tan 11.5 a kan layin taya ɗaya. Ku nemi a rubuta cewa motar da ta wuce ƙima ba za ta fita ba, kuma kwamiti zai riƙa ganin takardun sikeli duk wata. Kafin a yi maganar gyara, a tantance mai hanyar, domin ta tarayya hukumar FERMA ce ke kula da ita, ta jihar Legas kuma hukumar ayyuka ta jiha, ƙananan layuka na ƙaramar hukuma ne, kuma kamfani ba zai zuba kwalta a kan hanyar da ba a ba shi izini ba. Idan akwai hanyar da ke zagaye gari, neman a gyara ta a mayar da motoci can ya fi duk wani faci.

Game da gudu, dokar hanya ta ƙayyade wa manyan motoci kilomita 45 a awa a cikin gari, kuma a gaban makaranta da kasuwa kuna iya neman ƙasa da haka. Na'urar taƙaita gudu da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilastawa a 2017 ba ta magance wannan, domin gudun babbar hanya aka saita ta a kai. Kada matasa su gina tudun rage gudu da kansu. Mun gwada, sai ya zama duk tifar da ta hau shi ta girgiza gidajen gefe ta zubar da tsakuwa, ɗan acaba kuma ya zame a kanta da daddare. Abin da ya fi aiki shi ne hukuncin ƙofa: motar da aka kai ƙararta sau uku da lamba da lokaci, a hana ta lodi na mako guda.

Inda ake amfani da nakiya, a nemi tsayayyen lokacin fashewa da rana, ba lokacin da yara ke kan hanya ba, da jiniya kafin a tayar, da sanarwa ga Bale da Sarkin Hausawa tun kafin ranar. A kuma tambayi inda ake ajiye nakiyar da ko rumbun yana da izini a ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa ta 1964. Wanda ya tuna fashewar unguwar Bodija a Ibadan ranar 16 ga Janairun 2024, wadda Gwamna Seyi Makinde ya danganta da nakiyar masu haƙar ma'adinai da aka ajiye a cikin gida, ba zai ɗauki wannan tambaya da wasa ba. Abu na ƙarshe shi ne ramin kansa. Da ruwan Yuni da Yuli yakan cika ya zama kududdufi mai zurfin da ba a ganin ƙasansa, yara kuma wanka suke zuwa yi. A nemi shinge yanzu, a kuma nemi ganin shirin cike ramin bayan an gama, wanda dokar 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya tanada.

Buhunan shinkafa da azumi ko rago da Sallah ba laifi ba ne, amma kada a karɓe su a makon da ake tattaunawa.

Mataki na shida: zaman sulhu da sa hannu

A yi zaman a fadar Bale ko sakatariyar ƙaramar hukuma, a gayyaci kansila da jami'in ma'adinai na tarayya da ke jihar su zama shaidu. A kula da takardar halartar taro, a rubuta a samanta cewa ta halarta ce kawai, a ja layi a ƙasan suna na ƙarshe, domin farar takarda mai ɗauke da sa hannun mutum arba'in tana iya wayar gari maƙale da wani rubutu a matsayin amincewar al'umma. Kowane sharaɗi ya faɗi abin da za a yi, da wanda zai yi, da ranar gamawa, da abin da zai biyo baya idan an saɓa. Kalmomi irin su "za mu duba" da "gwargwadon iko" a roƙi a cire su. Wanda zai sa hannu a madadin kamfani ya zama darakta, domin manajan wuri ana iya canza shi gobe, magajinsa ya ce bai san zancen ba. Kafin sa hannu a ba lauya ya karanta, bayan sa hannu kuma a fassara wa jama'a da Hausa bayan sallar Juma'a da Yarbanci a fada.

Mataki na bakwai: idan an ƙi ji

Kowane ƙorafi yana da ƙofarsa. Ƙura da ƙara da gurɓatar ruwa na hukumar kare muhalli ta jiha ne, wato LASEPA a Alausa idan a Legas ne, ko OGEPA idan a Ogun ne, tare da kwafi ga NESREA. Gudu da lodin wuce ƙima na FRSC ne da hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jiha, wato LASTMA a Legas ko TRACE a Ogun. Iyakar fili da nakiya da yarjejeniyar al'umma na Ma'aikatar Ma'adinai ta Tarayya ne ta hannun jami'inta na jiha, haƙa ba lasisi kuma akwai dakarun tsaron ma'adinai da aka ware daga jami'an Sibil Difens a 2024. Idan yashin ruwa ne, a rubuta wa hukumar hanyoyin ruwa ta tarayya, NIWA, da ma'aikatar kula da gaɓar ruwa ta Legas duka biyu. Cibiyar sasanta jama'a ta jihar Legas kyauta take zaunar da ɓangarori, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a kuma ita ake kai wa ƙarar ofishin da ya yi shiru. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma a ga lauya da wuri, domin ƙarar da ta shafi jami'in gwamnati galibi wa'adin wata 3 gare ta.

Ranar da tsautsayi ya faɗa

Duk wannan aiki yana iya rushewa cikin rabin awa idan tifa ta buge mutum aka cinna mata wuta. Rikicin unguwar Mile 12 ta Legas na Maris 2016, wanda ya kai ga rufe kasuwarta, daga hatsarin acaba ya samo asali, kuma mun ga yadda magana kan sauya daga wanda ya yi laifi ta koma wane yare yake ji. Kwamiti ya raba aiki tun kafin ranar: wasu su kai wanda ya ji rauni asibiti, wani ya kira 122 na FRSC ko 112 ko 767 na jihar Legas, wani ya ɗauki hoton motar da lambarta da inda ta tsaya kafin a motsa ta, dattawa biyu kuma su shigar da direban wani shago su tsare ƙofa har 'yan sanda su iso, ko ɗan wace ƙabila ne shi. A karɓi rahoton 'yan sanda, a nemi takardar inshorar motar, wadda doka ta wajabta wa kowace mota saboda irin wannan rana. Idan wakilin mai mota ya zo bakin gadon asibiti da kuɗi da takarda, a karɓi kuɗin magani a rubuta rasit, amma kada dangi su sa hannu a kan cewa magana ta ƙare kafin likita ya faɗi iyakar raunin.

Bayan an sa hannu a yarjejeniya ƙidaya ba ta tsayawa, sai dai ta koma kwana biyu a wata, kuma duk saɓawa a kai ta a rubuce cikin makon da ta faru. Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da mu. Mutanenmu suna tafiya gida Sallah ko noman damina, wani ya yi wata uku, wani ma ba ya dawowa. Sakatarenmu na farko ya tafi da fayil ɗin kwamiti a cikin jakarsa, sai da muka jira direban tirelar shanu ya kawo mana shi bayan mako biyar, a daidai lokacin da ake nemanmu da kwafin wasiƙa mai hatimi. Tun daga ranar muke yin kwafi uku na kowace takarda, ɗaya a gidan Sarkin Hausawa, ɗaya wurin sakataren ƙungiyar unguwa, ɗaya a akwatin masallaci, kuma a shafin farko na littafin an rubuta da jan biro ranar da lasisin kamfanin zai ƙare da ranar da yarjejeniyar za ta cika shekara 5.